Kwana na goma bayan shimiyo: yadda murar hunturu ta kwantar da wata mai jinyar sankarar mama a Tawa

Matar da wannan bayani ya shafa ƙanwar mahaifina ce, kuma da yardarta nake rubuta shi, bisa sharaɗin ba zan ambaci sunanta ko na unguwarsu ba. Shekarunta 54, mazauniyar Tawa ce, kuma da sayar da gabu da busasshen tumatir a kasuwa ta riƙe gidanta tun bayan rasuwar mijinta. Ni kuwa ma'aikacin jinya ne a wata ƙaramar likita a Yamai, shi ya sa duk takardar asibitin da ta shigo danginmu a hannuna take sauka, shi ya sa kuma wani kaso na laifin abin da ya faru yake wuyana, kamar yadda zan nuna a gaba.

Gwaggo ta daɗe tana jin ƙullutu a nononta na hagu kafin ta faɗa wa kowa. Da aka yanki ɗan nama aka auna, sai aka tabbatar sankarar mama ce, wadda ta fi kowace irin sankara yawa a tsakanin matan Nijar. Likitocin Yamai suka tsara mata shimiyo, wato maganin da ake ɗura wa majinyaci ta jijiya kamar ƙarin ruwa, zagaye 8, kowane bayan kwana 21, kafin a zo maganar tiyata. Zagaye 4 na farko da doksorubisin za a yi su, jan maganin nan da ke rina fitsari na yini ɗaya ko biyu, tare da siklofosfamid. A ƙarshen watan Nuwamba aka fara, daidai lokacin da iskar gabas ta soma busawa, leɓɓa suka soma tsagewa.

Tsakanin Tawa da Yamai kusan kilomita 550 ne, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, tafiyar kusan yini guda a motar kamfani. Na roƙe ta ta zauna gidana har a gama maganin, ta ƙi. Ta ce mini, "Ɗana, in na tare a nan wata shida, wa zai tsaya kan rumfata, wa kuma zai kula da yaran nan?" Muka daidaita a kan ta riƙa zuwa ana gobe ɗurin, ta huta kwana biyu, sannan ta koma gida. Duk fargabata a lokacin a kan hanyar take: mota cike, tagogi rufe saboda sanyi da ƙura, wannan na tari, wancan na atishawa. Na sayo mata takunkumin rufe baki da hanci na ja mata kunne, na ɗauka na toshe ƙofar da ciwo zai shigo. Ashe kwanakin tafiyar su ne masu sauƙin hatsari, manyan kwanakin kuwa a tsakar gidanta za su riske ta, nesa da likitocinta.

Dalilin haka yana cikin yadda shimiyo ke aiki. Maganin yana bin ƙwayoyin jiki masu saurin hayayyafa ne yana kashewa, kuma ba na sankara kaɗai ke da wannan hali ba. Na gashi da na cikin baki da na ɓargo ma haka suke. Ɓargo shi ne ke ƙera fararen ƙwayoyin jini, waɗanda a cikinsu akwai masu suna nitrofil, su ne dakarun farko da ke tarar ƙwayar cuta in ta shiga jiki. A ma'aunin da ɗakin awon jini ke aiki da shi, mai lafiya yakan sami nitrofil sama da 1500, in kuwa suka sauka ƙasa da 500, to mutum ya shiga babban hatsari. Saukar ba a ranar ɗurin take faruwa ba. Yawanci tsakanin kwana na 7 da na 14 ne suke kaiwa ƙasa sosai, daga nan su fara farfaɗowa, shi ya sa ma ake jiran kwana 21 kafin a sake wani zagayen. Abin da ke yaudarar iyali shi ne tashin zuciya da amai da kasala sun fi tsanani a kwana uku ko huɗun farko, saboda haka a daidai lokacin da majinyaciya ta fara cin tuwo, ta fara fitowa tsakar gida, kowa na cewa jiki ya yi sauƙi, a lokacin ne bangon jikinta ya fi tsagewa, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Hunturu kuwa shi ne lokacin babbar mura a ƙasarmu. A bakinmu duk mura ce, amma a likitance akwai bambanci tsakanin ƴar majinar da mutum ke yawo da ita da kuma wadda ake kira girip, mai kamawa farat ɗaya da masassara mai zafi da ciwon kai da ciwon gaɓoɓi da busasshen tari. Cibiyar binciken lafiya ta CERMES da ke Yamai tana bibiyar wannan cuta a ƙasar tun 2009, kuma a watannin sanyi da hazo aka fi samunta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutum dubu 290 zuwa dubu 650 a duniya kowace shekara ta hanyar matsalar numfashi, kuma tsofaffi da ƙananan yara da masu ciki da masu raunin garkuwar jiki ne ta fi yi wa illa. Daga shigarta jiki zuwa bayyanar alamu kwana 1 zuwa 4 ne, kuma mutum na iya yaɗa ta tun ana gobe ya ji ciwon, wato wanda ya shigo gaisuwa yana dariya lafiya ƙalau yana iya zama shi ne ya kawo ta.

Zagaye na farko da na biyu sun wuce ba tare da wata tangarɗa ba, ban da zubewar gashi, wanda kallabi ya rufa masa asiri. An yi na uku a farkon Janairu. Ta koma Tawa ta iske matar ɗanta ta haihu, sunan kuma ya faɗo a kwana na 8 bayan ɗurin. Duk wanda ya san gidan suna a Adar, wato yankin Tawa, ya san abin da ake nufi. Tun hantsi mata suka cika gidan, kuma da yake labarin rashin lafiyarta ya riga ya bazu, sai kowace ta haɗa barka da dubiya. Ɗakin Gwaggo ƙarami ne, ƙofarsa a saye saboda iska, ga garwashi a kasko, ga turaren wuta, a ciki aka yini ana shiga ana fita, ana musabaha, ana miƙa mata jarirai ta sa musu albarka. Bayan wannan kuma akwai jikarta ƴar shekara 4, wadda tun da aka yaye ta a gadon kakarta take kwana, ita kuwa ta kwana biyu da majina da tari da zafin jiki, ba wanda ya ga abin damuwa a ciki, don yaran unguwar duka haka suke a watan.

A kwana na 10, bayan la'asar, sanyi ya rufe Gwaggo, tana rawar ɗari, kanta na sara, gaɓoɓinta kamar an daddake. Autarta, wadda ita ce ke kula da ita, ta sayo parasetamol wurin mai tebur. Ta sha ta yi zufa, jikin ya yi sanyi, aka gode wa Allah. Washegari masassarar ta dawo tare da tari, sai maƙwabta suka ce ai palu ne, wato masassarar cizon sauro, aka sayo maganin palu aka ƙara da parasetamol. Gwaggo da kanta ta hana a kira ni, wai ta ɗora mini nauyi da yawa, ba za ta tashe ni a kan mura ba.

Ga inda laifina yake. Tun zagayen farko na sayi ma'aunin zafin jiki na ba su, na kuma yi bayanin ƙa'idarsa, amma wa na yi wa bayanin? Babban ɗanta, a tsaye a tashar mota, cikin gaggawa, rabin maganar da Faransanci. Shi kuwa direba ne, sati guda ba ya kwana biyu a gida. Yarinyar da ke kwana a ɗakin, wadda ita ce za ta fara taɓa goshin uwarta ta ji zafi, ban taɓa zaunar da ita na nuna mata komai ba. Ma'aunin yana nan cikin kwalinsa, a ƙasan akwati, ƙarƙashin turamen zane.

Wajen ƙarfe 11 na daren kwana na 11 wayata ta yi ƙara. Autar ce, muryarta na rawa: "Yaya, Inna tana magana ba kan gado, kuma numfashinta da sauri yake fita." Na sa ta tono ma'aunin, na bi da ita mataki mataki ta waya har ta karanto mini 39,1. Ina jin muryar wata dattijuwa daga gefe tana cewa dare ya yi, ga sanyi, a bari gari ya waye. Na ce a ba ni ita, na gaishe ta, na ce mata, "Iya, don Allah ki yi haƙuri, wannan masassarar ba ta jiran safiya, yanzu za a tafi." Wani maƙwabci mai mota ya taimaka. Kafin su fita na sa yarinyar ta ɗauki littafin asibitin uwarta, na kuma sa ta maimaita mini maganar da za ta fara faɗa wa duk ma'aikacin da ta tarar, tun kafin dogon bayani: tana shan shimiyo, yau kwana 11 da ɗurin, kuma tana da masassara. Na dage a kan wannan ne saboda na san aikinmu. Daren hunturu ɗakin gaggawa cike yake da masu tari da zafin jiki, kuma in ba a ji kalmar shimiyo ba, dattijuwa mai masassara layi za ta bi kamar kowa.

Likitan da ke gadi a daren ya yi abin da ya dace. Ƙa'idar da aka sani a wannan hali ita ce a fara ba majinyaci maganin ƙwayoyin cuta mai faɗin aiki ta jijiya cikin awa guda da isowarsa, ba tare da jiran sakamakon awo ya kammala ba, kuma haka ya yi. Awon palu bai nuna komai ba. Awon jini ya nuna nitrofil 400. Iskar da ke cikin jininta ta sauka zuwa kashi 91 cikin ɗari, aka sa mata iskar taimako, hoton ƙirji kuma ya nuna ciwon huhu ya kama ƙasan huhun dama. Da ya ji cewa mutum biyar ne suka kwanta a gidan cikin satin da alamu iri ɗaya, sai ya ɗauki lamarin a matsayin girip da ta buɗe wa ciwon huhu hanya. Wannan bi da bi sananne ne: ƙwayar murar tana ɗaye fatar hanyoyin numfashi, sai ƙwayoyin bakteriya su samu wurin zama. Maganin da aka ɗura mata ba ya kashe ƙwayar mura, bakteriyar yake yaƙa. Ita murar tana da nata maganin, oseltamibir, wanda ya fi aiki in an fara shi cikin awa 48 na farko, ko da yake ga wanda aka kwantar ko mai raunin garkuwa ana bayarwa ko lokacin ya wuce. Da safe likitan ya yi waya da likitanta na Yamai, suka amince a ba ta shi, tare da allurar filgrastim mai zaburar da ɓargo ya ƙera fararen ƙwayoyi. Ni na zaga farmasi da dama a Yamai na samo, na aika a mota.

An keɓe ta a ɗaki ita kaɗai da mai jinya guda sanye da takunkumi. A kwana na huɗu masassarar ta sauka, ta yi kwana 8 a asibiti, aka ɗage zagaye na huɗu da kwana 12, kuma kuɗin da ta tara a adashi don zagaye biyu masu zuwa a nan suka ƙare. Sauran mutum biyar ɗin da suka kamu a gidan, har da jikar, duk sun miƙe cikin sati guda da hutu da ruwan zafi. Ciwo ɗaya ne, a gida ɗaya, amma ita kaɗai ya kai bakin kabari.

In aka duba lamarin da kyau, za a ga cewa kamuwar ba ita ce ta fi yin ɓarna ba, jinkirin ne. Daga la'asar ɗin da sanyi ya rufe ta zuwa isarta asibiti an yi sama da awa 30, kuma parasetamol ne ya sayo wa ciwon wannan lokaci. Maganin ba shi da laifi a kansa, amma ga mai shan shimiyo masassara ita ce sau da yawa alama ɗaya tilo da jiki ke iya bayarwa, tun da babu isassun fararen ƙwayoyin da za su kawo kumburi ko ruwan ƙurji. Wanda ya danne ta da ƙwaya kafin ya auna ya kashe fitilar da ke nuna masa hanya. Deksametazon da ake bayarwa don hana amai shi ma yana iya rufe zafin jiki. Ƙa'idar da ya kamata kowane gida mai irin wannan majinyaci ya haddace gajera ce: a auna kafin a sha komai, in ya kai 38 a tafi asibiti a lokacin, dare ne ko rana. Ko ma'auni bai kai haka ba, rawar ɗari ko ruɗewar magana ko numfashi da ƙyar sun isa dalilin tafiya. Zargin palu kuma ba wauta ba ne a ƙasa irin tamu, dole a auna shi, sai dai a watan Janairu ya riga ya ja baya daga ƙarfin da yake yi a ƙarshen damina, kuma ko awon ya nuna shi, wannan bai wanke majinyaciya daga wata cutar ba. Rani kuma lokacin sanƙarau ne, don haka ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya ba abin kwana da su ba ne.

Abin da ya fi ba mu wuya bayan an sallamo ta shi ne maganar dubiya. Ba zan yarda da wanda zai ce matan da suka cika ɗakin nan jahilci ya kawo su ba. Ƙauna ce ta kawo su, da kuma hakkin da addini ya ɗora wa Musulmi na duba ɗan'uwansa in ba shi da lafiya, kuma mun taso muna jin cewa zumunta a ƙafa take. Mai sankara tana bukatar wannan ƙafa fiye da kowa, don kaɗaici da zargin cewa mutane na gudunta su ma ciwo ne. Rufe ƙofa gaba ɗaya zai karya mata zuciya, ya kuma bar ƴaƴanta da sunan masu wulaƙanta dangi. Sannan akwai abin da takardun asibiti ba sa faɗa: yarinya ƴar shekara 19 ba ta da bakin da za ta ce wa sa'ar kakarta ta tsaya a waje. Duk ƙa'idar da aka ɗora wa ƙaramin gida ya tsare a gaban manya, ba za ta tsaru ba.

Saboda haka babbar yayar su Gwaggo muka je wa, wadda duk dangi ke jin nauyinta. Na zauna na yi mata bayanin kwanakin nan na 7 zuwa 14 da Hausa, ba gaggawa, har ta ce, "To, ashe kamar mai jego ce, akwai kwanakin da ba a shigar mata." Da wannan fahimtar ta karɓi aikin, kuma da ita ta riƙa yi wa mutane bayani. Limamin unguwa ma ya taimaka, ya tunatar bayan sallah cewa taƙaita zama wurin marar lafiya yana cikin ladubban dubiya, kuma mai tari ya aiko da addu'arsa ya wadatar. Aka rataya kalanda a ɗakin, aka zagaye kwanakin da jan biro. A cikinsu gaisuwa ta koma saƙon murya a WhatsApp, wanda Gwaggo ke saurara ta maimaita har sau uku. A sauran kwanakin kuma a tsakar gida ake karɓar baƙi, da hantsi in rana ta fito, an shimfiɗa tabarma da ɗan tazara, ga buta da sabulu a bakin zaure. An fitar da kaskon garwashi da turaren wuta daga ɗakin kwananta, aka ƙara mata bargo, don hayaƙin yana tayar da tari, gawayi a rufaffen ɗaki kuma hatsari ne ko ga mai lafiya. An kuma hana ta ɗanyen nono da salak ɗin bakin hanya a kwanakin. Raba ta da jikarta a gado shi ne ya fi komai ciwo. Yarinyar ta yi kwanaki tana kuka a bakin ƙofa, kakar ma tana yi a ciki.

Game da zama, wannan karon ba ta yi gardama ba. Har ƙarshen Fabrairu a gidana take yin sati biyun farko na kowane zagaye, sai a sati na uku, bayan jini ya farfaɗo, ta je Tawa ta ga gida da rumfa ta dawo. Na kuma tambayi likitanta batun allurar rigakafin mura, wadda mutanenmu ba su saba da ita ba, kuma wadda da tun kafin a fara shimiyo ya kamata in tambaya. Allurar da ake yi a dantse ba ta ɗauke da ƙwaya mai rai, don haka ba ta sa wa mai shimiyo murar. Irin da ake fesawa a hanci ne, mai ƙwaya mai rai, bai dace da shi ba. Tana ɗaukar kusan sati biyu kafin ta fara kariya, kuma jikin da ke shan shimiyo ba ya amsa ta da ƙarfi kamar na mai lafiya, shi ya sa yin ta ga mutanen gida yake da muhimmanci ƙwarai. Kamuwa sau ɗaya kuma ba ta kare mutum daga sauran nau'o'in da ke yawo a shekarar. Likitan ya zaɓi ranar da jininta ya dawo daidai aka yi mata, ni da matata ma muka yi.

A tsakiyar Fabrairu, kwana 9 bayan zagaye na huɗu, Gwaggo ta ƙwanƙwasa mini ƙofa da asuba, ma'auni a hannunta, ta ce, "Ɗana, duba mini wannan, kamar ya haura." Ya nuna 38,2, kuma ba ta sha komai ba. Cikin minti 40 muna asibiti. Aka sami ciwon mafitsara, nitrofil kuma 900, ta kwana biyu aka sallame ta, zagaye na biyar bai motsa daga ranarsa ba. Yanzu hazo ya ɗauke, zafi ya shigo, saura mata zagaye biyu, daga nan tiyata, sannan gashi da haske, wato ƙona ragowar sankarar da hasken na'ura, a cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa da ke Yamai, wadda ta fara wannan aiki a 2021. Autarta ce ke riƙe da ɗan littafin da ake rubuta awon safe da na yamma, ma'aunin kuwa a jakar hannun Gwaggo yake kwana, aljihu ɗaya da carbinta.